Darasi: Yadda Za Ka Lissafa Kuɗin Aika Kaya Da Buga Sitikar Adireshi Da Wayarka

 Darasin yau na masu sayar da kaya ta waya ne, musamman matasanmu na Funtuwa, Malumfashi, Bakori, Danja, Kafur, Dandume da kewaye, waɗanda WhatsApp da Facebook da TikTok suka zame musu shago. Da "ka" zan riƙa magana, amma 'yan uwa mata masu sana'a a cikin gida, ku ma da ku nake.

Da yawanmu mun iya ɗaukar hoton kaya, mun iya ciniki da kwastoma. Amma da an ce "nawa ne kuɗin kawowa Abuja?" sai mu yi shaci-faɗi. Wani kuma lissafinsa daidai ne, sai dai ya rubuta lambar waya da biro a jikin leda, rubutun ya goge a hanya, kaya su kwana huɗu a tasha ba a san mai su ba. Shigowar alat ba ita ce ƙarshen ciniki ba, sai kaya sun shiga hannun mai su. Don haka abu biyu za mu koya: yadda za ka san kuɗin aike tun kafin ka faɗi farashi, da yadda za ka haɗa takardar adireshin da za ta kai kayanka inda aka nufa.

Farashin da za ka gani a ƙasa duk misalai ne don a gane yadda ake lissafin. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota bai tsaya wuri ɗaya ba, saboda haka ka riƙa sa farashin ranar a madadin nawa.

Inda ribar take zubewa

Mu ɗauka wata matashiya a Malumfashi tana sayar da dakakken yaji. Wata ta yi mata oda daga Abuja, roba biyar, kowace ₦2,000, jimla ₦10,000. Kowace roba ta ci mata ₦1,300 wurin haɗawa, wato ₦6,500. A ganinta ta ci ribar ₦3,500, don haka da kwastomar ta nemi a kawo mata kyauta sai ta amince. Ga abin da ya biyo baya:

- Kwali, leda da salatif: ₦500
- Ɗan acaɓa zuwa tasha da dawowa: ₦600
- Kuɗin saƙo a mota: ₦2,500
- Katin kira da data wurin bibiyar direba: ₦100

Jimla ₦3,700. Ribar ta tafi gaba ɗaya, har ta taɓa uwar kuɗi da ₦200, ban da wahalar daka. Ba wanda ya cuce ta. Farashi kawai ta faɗa kafin ta san nawa hanya za ta ci.

Hanyoyi uku na aika kaya daga yankinmu

*1. Tashar mota.* Ita ce hanyar mafi yawanmu, wadda 'yan kasuwa ke kira webil. A nan mun yi sa'a, domin Funtuwa mahaɗa ce: ga hanyar Zariya ta Giwa wadda za ta kai ka Kaduna da Abuja, ga ta Gusau da Sakkwato, ga ta Bakori zuwa Malumfashi har Katsina. Daga Malumfashi kuma akwai hanyar Dayi da Gwarzo zuwa Kano. A tasha galibi ba a ɗora kaya a sikeli, ido ne da ciniki: girman kayan, nisan tafiya da yawan fasinja a ranar. Amfaninta sauri, don saƙon Kano ko Zariya ko Kaduna da ya bi motar safe yakan isa a ranar. Rauninta kuwa, mai kaya ne zai je tasha ya karɓa, kuma lambar direba ita ce kaɗai abin bibiyarka. Ka riƙa bi ta ofishin ƙungiyar direbobi ta NURTW ko ɗan kamashon da aka sani, kada ka tare mota a bakin titi. Ka kuma tambaya ko motar kai-tsaye za ta je ko za a sauya wata a hanya, domin duk sauyin mota ƙarin kuɗi ne da ƙarin haɗarin ɓata. A hanyoyin da ke fama da matsalar tsaro, kamar ta Gusau da ta Birnin Gwari, direbobi sun fi son tafiyar rana, don haka ka kai kaya da wuri.

*2. Gidan waya da kamfanonin aike.* Hukumar NIPOST tana da sashen aike na gaggawa mai suna EMS, sannan ga kamfanoni irin su GIG Logistics da DHL. Su suna auna kaya, su ba ka rasit mai lambar bibiya wadda kai da kwastoma za ku iya dubawa a waya, kuma suna kaiwa har ƙofar gida a biranen da suke aiki. Ofisoshin kamfanonin sun fi yawa a manyan birane irin Kano da Kaduna, don haka idan babu reshe kusa da kai, kuɗin kai kayan can ma yana cikin lissafi. Idan kayan ta jirgin sama za su bi, akwai ƙa'idoji masu tsauri a kan turare mai ruwa da batiran waya. Ka faɗi gaskiyar abin da ke cikin kwalin.

*3. Kasuwannin intanet.* Jumia da Konga, waɗanda duka suka fara aiki a 2012, su ne ke haɗa maka takardar adireshin kowace oda. Naka shi ne ka buga, ka manna, ka kai kayan wurin karɓarsu cikin wa'adin da suka ɗiba, su kuma su cire kamashonsu. Kafin ka yi rajista ka bincika ina ne wurin karɓar kaya mafi kusa da kai. Jiji kuwa wurin talla ne, kai da mai saye ne za ku shirya yadda kaya za su isa, kamar dai a Facebook.

Tashar tsandauri ta Funtuwa da aka buɗe a 2024 ta masu kwantena ce, ba ta ƙaramin kwali ba. Amma duk mai burin fitar da kayan gona waje, ko da kaɗan ne, ya san cewa akwai takardun hukumar NAQS mai duba lafiyar amfanin gona, da na NAFDAC idan abinci ne da aka sarrafa.

Nauyi iri biyu ne

Kayan aikinka na farko ba firinta ba ce. Ƙaramin sikelin dijital ne da tef ɗin awo irin na tela. Ka auna kayan bayan ka gama ɗaure su, domin kwali da roba da takardun cusawa duk suna da nauyi.

Sai dai kamfanonin aike ba nauyin sikeli kaɗai suke dubawa ba. Suna duba wurin da kwalin zai cinye a mota ko a jirgi. Ga yadda DHL da kamfanoni da yawa ke lissafa shi: ka auna tsawo da faɗi da zurfin kwalin da santimita, ka ninka su, sannan ka raba da 5,000. Abin da ya fito shi ne nauyin girman kwali, a kilo. Tsakaninsa da nauyin sikeli, wanda ya fi yawa shi za a caje ka.

Misali, ka zuba busasshen zoɓo kilo 2 a kwali mai 40 × 30 × 25. Idan ka ninka za ka samu 30,000. Raba da 5,000, ya ba ka 6. Kuɗin kilo 6 za ka biya, alhali kayanka kilo 2 ne. Da ka danne zoɓon a leda ka sa a kwali mai 30 × 25 × 16, za ka samu 12,000, wato kilo 2.4. Sauya kwali kawai ya rage fiye da rabin nauyin da za a caje ka. Wannan ya fi shafar kaya marasa nauyi masu cin wuri: huluna, busasshiyar kuɓewa, barkono, zogale, filo da makamantansu. Wasu kamfanonin da wata lamba suke rabawa ba 5,000 ba, don haka ka tambaya. Akasari kuma sama suke cike lissafi: kilo 2.1 zai iya komawa 2.5 ko 3. Idan ka ga ka ɗan haura iyaka da giram kaɗan, rage kwalin ko abin cusawa.

Ko a tasha wannan darasin yana aiki. Direba ba ya raba komai da 5,000, amma ya san kwalin da zai shiga ƙarƙashin kujera da wanda zai cinye masa wurin fasinja.

Ba kowane kaya ne ya cancanci aike ba

Yankinmu na noma ne: masara, dawa, waken suya, shinkafa, auduga, ga rake da tumatir a Danja. Amma ba duk abin da muke nomawa ne ke biyan kuɗin hanya a ƙaramin ƙunshi ba. Ka tambayi kanka: nawa ne darajar kilo ɗaya na kayana, nawa kuma aika kilo ɗaya zai ci?

Tiya biyu ta masara zuwa Legas, kuɗin aikenta zai iya wuce kuɗin masarar. Shi ya sa hatsi sai da buhu, a babbar mota, yadda ake lodi a kasuwar Dandume. Amma yaji, daddawa, kuka, garin kunu, zuma, mazarƙwaila da ƙuli-ƙuli, kilo ɗayansu yana da daraja, don haka suna iya ɗaukar kuɗin hanya. Duk lokacin da ka sarrafa amfanin gona, ka rage masa nauyi ka ƙara masa daraja, aikensa yana ƙara sauƙi.

Dabara ta biyu ita ce ka sa mafi ƙarancin oda. Aika roba ɗaya da aika roba biyar a tasha kusan kuɗi ɗaya ne. Ta uku, ka ware ranakun aike, misali Litinin da Alhamis. Ka tara ododin gari ɗaya a babban kwali, kowace da takardarta, wani amintacce ya karɓa a can ya rarraba.

Haɗa lissafin

Ka buɗe Google Sheets ko WPS Office a wayarka, ko ka sayi littafi, ka ja layi ga kowane gari da kake yawan aikawa. A kowane layi ka sa abu shida:

1. Kayan ɗauri: kwali, leda, salatif.
2. Kuɗin takardar adireshi.
3. Kuɗin kai kaya tasha ko ofis da dawowarka.
4. Kuɗin aiken kansa.
5. Abin da za a kashe a can: ɗan acaɓan da zai kai gida, ko kuɗin ajiya idan ana karɓa.
6. Kason asara.

Na shidan shi ne wanda ake mantawa. Idan kana yarda a biya ka bayan kaya sun isa, wata rana wani zai ƙi ɗaga waya. Mu ce a cikin oda 10, ɗaya tana dawowa. Zuwa ₦2,500, dawowa ₦2,500, asarar ₦5,000 ke nan, kuma sauran oda 9 ne za su biya ta, kusan ₦556 kowace. Idan ba ka sa wannan a farashi ba, daga aljihunka yake fita. Mafita mai sauƙi: ko da za ka ɗaga wa mutum kuɗin kaya, kuɗin aike dai a tura shi kafin mota ta tashi. Kuma kada ka dogara da saƙon tes ko hoton rasit, ka buɗe manhajar bankinka ka ga kuɗin da idonka.

Da ka samu jimlar, sai ka zaɓi yadda za ka faɗa wa kwastoma: ko farashin kaya daban, kuɗin aike daban, ko ka haɗe su ka ce "har Kaduna kaza". Kowanne ya yi, muddin a rubuce yake tun farko. Abin da ke ɓata suna shi ne a gama ciniki sannan direba ya kira kwastoma ya ce sai ya biya kuɗin da ba a gaya masa ba. Ka riƙa sabunta jerin nan lokacin kaka da gab da sallah, lokacin da mota ke tsada.

Abin da za ka rubuta a takardar adireshi

Da kwali ya bar hannunka, takardar da ke jikinsa ce bakinsa. Mu a yankin nan mun ga misali: a watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da Funtuwa, Bakori da Malumfashi. Wanda ya saba cewa "zan kira direba in yi masa bayani" ya rasa ta yi. Ko yau ma caji na ƙarewa, sabis na ɗaukewa. Ka rubuta takardarka kamar ba za a same ka a waya ba:

- ZUWA GA: cikakken sunan mai karɓa, da manyan haruffa.
- Lambar waya biyu: tasa da ta wani na kusa da shi. Ka ƙirga, lambobi 11 ne, ka raba su gida uku don sauƙin karantawa.
- Gari da JIHA.
- Unguwa, titi da wata alama sananniya, ko sunan tashar da za a karɓa.
- DAGA: sunan kasuwancinka, garinka da lambarka.
- Lambar oda da kwanan wata.
- Abin da ke ciki a taƙaice, da adadin kwali: 1/3, 2/3, 3/3.
- "AN BIYA KUƊIN MOTA" ko "MAI KARƁA ZAI BIYA ₦…".

Kada ka raina rubuta jiha. Akwai Tudun Wada a Zariya, a Kaduna da Gusau, ga kuma ƙaramar hukumar Tudun Wada a Kano. Akwai Sabon Gari a Kano da Zariya. Akwai Dutse ta Jigawa, akwai Dutse a Abuja, ga Dutsi a nan Katsina. Idan kayan kudu za su je, ka yi rubutun da Turanci. Idan ta gidan waya ko ƙasar waje ne, za a nemi lambar yanki mai alƙaluma shida: ta Funtuwa da 830 take farawa, ta birnin Katsina 820, ta Kano 700, ta Abuja 900.

Kada ka kwafi adireshi daga saƙon murya. Ka sa kwastoma ya rubuto, ka kwafa ka liƙa, sannan ka tura masa hoton takardar ya tabbatar kafin ka manna.

Yadda za ka buga ta

*Mataki na farko: maka.* Idan oda biyu ko uku kake samu a mako, baƙar maka wadda ba ta gogewa da farar takarda sun ishe ka. Ka bambanta 1 da 7, da 0 da 6. Biro a jikin leda kuwa, kada ka fara.

*Mataki na biyu: shagon kwamfuta.* Girman takardar adireshi da aka saba da shi a duniya inci 4 ne da inci 6, wato kusan santimita 10 da 15. Takardar A4 kuwa 21 ce da 29.7, idan ka raba ta huɗu kowane yanki zai ba ka 10.5 da 14.8, kusan daidai. Don haka a Canva ko Google Docs ko WPS Office ka raba shafi gida huɗu, ka tsara takardarka sau ɗaya, ka riƙa sauya suna da lamba kawai. Ka adana ta a matsayin PDF, ka tura wa mai shago a fayil, ba a hoto ba, domin WhatsApp yana rage ingancin hoto. Ka nemi firinta mai hoda wadda ake kira leza, irin ta hotokwafi. Tawadar ruwa tana zuba da zarar damina ta taɓa ta.

*Mataki na uku: firinta mai zafi.* Wannan ba ta shan tawada ko kaɗan. Takardarta ce aka shafa wa wani sinadari da ke yin baƙi idan zafi ya taɓa shi, irin rasit ɗin masu POS. Idan ka karce ta da farce za ka ga baƙin layi, ta nan kake gane fuskar da ake bugawa. Ana samun na kamfanoni irin su Xprinter, Zebra, Phomemo da Niimbot. Kafin ka saya ka duba abu huɗu:

1. Faɗin takarda. Ƙaramar nan mai milimita 58 kusan milimita 48 kawai take bugawa. Ta yi wa rasit da ƙaramar sitikar roba, amma ba za ta ɗauki takardar inci 4 ba.
2. Haɗuwa da waya. Wasu da wayar USB kaɗai suke aiki, sai da kwamfuta. Kai mai Bluetooth kake nema, kuma a gwada ta da wayarka a gabanka.
3. Wuta. Manyan galibi sai an jona su, ƙananan ne ke da batir. Ka yi tunanin sola ko inbata.
4. Samun sitika. Ka tabbata za ka riƙa samun naɗin sitikar a Kano ko Zariya ko Kaduna cikin sauƙi.

Yawancinsu suna buga ɗigo 203 a kowane inci, wanda ya isa ga rubutu da bakod, wato baƙaƙen layukan nan da na'ura ke karantawa. Idan takardar Jumia ko Konga ko ta kamfanin aike za ka buga, ka bar girmanta a 100%. Matse ta na iya haɗe layukan, na'ura ta kasa karantawa, a dawo maka da kaya. Ka gwada karanta bakod ɗin ko lambar QR da wayarka kafin ka fita.

Yaushe sayen firinta ke biyan kansa? Mu ce zuwa shago da dawowa ₦400 ne, buga shafi ₦100, takarda huɗu ke nan a ₦500, kowace ₦125. Sitika ɗaya a gida mu ce ₦25. Kana rage ₦100 a kowane kwali. Idan firintar ₦60,000 ce, sai ka aika kwali 600 kafin ta mayar da kuɗinta. Mai aika kwali 10 a rana zai kai nan cikin kwana 60. Mai aika 5 a mako kuwa sai mako 120, sama da shekara biyu. Idan kana rukuni na biyu, gara ka zuba kuɗin a jari. Ko kuma ku haɗu ku uku ko huɗu a unguwa ku saya, ko kai ka saya ka riƙa buga wa sauran masu sana'a a kan ɗan wani abu.

Zafi, rana, mai da ruwa

Takarda mai aiki da zafi tana da rauni, kuma yanayinmu ya san shi. Kwalin da aka ɗaure a saman mota ko a but a watan Afrilu, sitikarsa na iya yin duhu saboda zafi ko ta kode saboda rana. Man gyaɗa ko man shanu da ya tsiyaya yana cinye rubutun. Turare da duk abin da ke da sinadarin barasa na baƙanta ta. Wasu nau'o'in salatif ma suna kodar da ita bayan kwanaki. Ga rigakafi:

- Ka manna sitika a shafaffen gefe, ba a bakin kwali inda za a yanka ko a kusurwa ba.
- Kada ka shimfiɗa salatif a kan bakod, ƙyallinsa na hana na'ura karantawa. Takardar A4 kuwa, ka sa ta a farar leda ka naɗe gefunan.
- Ka rubuta lambar mai karɓa da garinsa da maka a ɗaya gefen kwalin.
- Ka jefa kwafi na biyu a cikin kwalin kafin ka rufe.
- Idan tsohon kwali ne, ka cire ko ka soke duk wani tsohon adireshi da bakod.
- Kayan ruwa da na mai, ka ɗaure murfin, ka sa a leda biyu, ka zana kibiya mai nuna sama.
- Buhu ba ya riƙe sitika. Ka rubuta da maka a jikinsa, ka ɗinke takarda a leda a bakinsa.

Naɗin sitikar da ba ka yi amfani da shi ba, ka ajiye shi a inuwa cikin ledarsa, nesa da taga.

Kafin mota ta tashi

Ka ɗauki gajeren bidiyo kana zuba kaya kana rufewa. A tasha ka ɗauki hoton kwalin, da lambar motar, ka karɓi suna da lambar direba, ka kira layin a gabansa ka ji ya shiga. Ka tura wa kwastoma duka tare da lokacin da ake sa ran isowa. Idan kamfani ne, ka tura lambar bibiya, ka ajiye rasit har sai an ce an karɓa. Kaya masu tsada kamar waya, ka tambayi nawa za a biya ka idan sun ɓata, kuma ka ga an rubuta darajarsu a rasit.

Kada ka yarda wani ya ba ka rufaffen ƙunshi ka haɗa da naka da sunanka. Jami'an NDLEA da na kwastan suna binciken saƙonni a hanya, kuma sunan da ke jikin takarda shi za a nema.

Sai maganar amana. Mun saba ɗora hoton kwalaye a sitatus don a ga ana ciniki. Babu laifi, amma ka rufe suna da lamba da adireshin mutane tukuna. 'Yan damfara na kwasar irin waɗannan lambobi, su kira kwastoma da sunan direba su ce ya turo ƙarin kuɗi. Ban da haka Najeriya tana da Dokar Kare Bayanai ta 2023, wadda ta ɗora wa masu riƙe bayanan mutane alhakin kiyaye su. Takardar da ta lalace wurin bugawa ka yayyaga ta, kuma ka roƙi mai shagon kwamfuta ya goge fayil ɗinka bayan ya buga.

Aikin gida

Kafin oda ta gaba ta shigo, ka yi abu uku. Ka auna kaya uku da ka fi sayarwa a ɗaure, ka rubuta nauyin sikeli da nauyin girman kwalin kowanne. Ka je tasha da kanka ka tambayi kuɗin saƙo zuwa garuruwa biyar da ka fi samun kwastoma, ka cike jerin nan mai abu shida. Sannan ka tsara takardar adireshinka guda ɗaya ka adana a waya. Daga ranar, duk wanda ya ce "nawa ne har Abuja?" amsarka tana hannu, kuma ka san abin da zai rage maka.

Allah Ya sa albarka a nema, Ya kai kaya lafiya. Sai mun haɗu a darasi na gaba.